A-Kori-Kura Da Kayan Ɗakin Amarya

'Yar uwa, ki tambayi kakarki yadda aka kai ta gidan miji. In 'yar ƙasar Ƙaraye ce ko Rogo, za ta ce miki a ka aka ɗauki kayanta: ƙore, tasa, tabarma, tukunya, sai ɗan akwati. Mata ne za su jeru suna guɗa, abin da ya fi ƙarfin kai a aza wa jaki. Iyakar abin da wuya zai ɗauka shi ne iyakar kayan ɗaki.

Mota ce ta zo ta sauya wannan lissafi. A 1975 kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Ba a jima ba a-kori-kura ta bazu ƙauyuka, 404 da farko, daga baya 504. Wanda Allah ya buɗa wa a rake ko masara ko auduga sai ya sayi ɗaya, ya ba direba da yaron mota. Ba don amare aka saye ta ba, don buhu ne da ranar kasuwa. Amma ita ce ke shiga hanyar burji da babbar mota ba ta shiga, ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare in haihuwa ta gardama. Direbanta kuwa ba taswira gare shi ba, kuka da rafi ne alamominsa, in damina ce ya tsaya ya tambayi masu keke ko rafi ya kawo.

To, tunda ga abin ɗauka, sai ido ya buɗe. Gado mai rumfa ya taso daga birnin Kano, kabad ta biyo baya, ga kwalla da kumbo da samira jere kan jere. Ranar jere a tsaya bakin zaure ana ƙirga sawu: "Ta gidan wane sawu uku aka yi mata." Uwar da aka yi wa 'yarta sawu ɗaya ta kwana da abin a ranta, ko da akuyarta ta ƙarshe ta sayar. Wallahi wannan ƙirge ya ci gonaki.

Da gwamnatin Babangida ta kawo SAP a 1986, naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta gagari mai rake. Aka koma lallaɓa tsofaffi, a ɗaure ƙofa da igiya, a tura ta tashi. Motar ta tsufa, kayan ɗaki kuwa ba su ragu da ko cokali ba. Kwalla ta ba tangaran wuri, kujeru suka shigo, aka ƙara da firij, har a-kori-kura ɗaya ta daina isa, sai an nemo babbar mota daga Gwarzo ko Kano.