Matsakaicin gudu da matsakaicin gudu mai alƙibla: mene ne bambancinsu?

Yau mun ɗauko wata tambaya ta darasin fizik wadda ke cinye wa 'yan lise maki a jarrabawa. A Faransanci kalma ɗaya ce, vitesse, ke ɗauke da abubuwa biyu, shi ya sa yara ke ruɗewa. Bari mu rarrabe su da hanyar da kowa ya sani.

Matsakaicin gudu

Shi ne tsawon duk hanyar da aka taka, a raba da duk lokacin da aka ɗauka. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, ta Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, kusan kilomita 240 ne. In mota ta yi awa 4, sai mu raba 240 da 4: kilomita 60 a awa. A lura, tsayawar salla ko cin abinci a Tasawa duk tana cikin lissafi. Allurar da ke gaban direba kuwa gudun wannan daƙiƙar kawai take nunawa.

Matsakaicin gudu mai alƙibla

Shi babu ruwansa da kwane-kwanen hanya. Abin da yake dubawa: daga ina ka tashi, ina ka tsaya, kuma wane ɓangare? Ana ɗaukar tazarar miƙe tsakanin wuraren biyu, a raba da lokaci, sannan a faɗi alƙibla. Tsakanin Maraɗi da Damagaram a miƙe kusan kilomita 210 ne. A awa 4, wajen kilomita 52 ke nan a awa, zuwa gabas. In ba a faɗi "gabas" ɗin ba, amsa ba ta cika ba.

In aka je aka dawo fa?

Nan ne abin mamakin. Direba ya je Damagaram ya komo tashar Maraɗi cikin awa 8. Ya taka kilomita 480, matsakaicin gudunsa 60 ne. Amma ya dawo inda ya tashi, tazara sifiri ce, don haka gudunsa mai alƙibla ma sifiri ne, ko da ya ƙona mai ya gaji liƙis. Haka ɗan tseren da ya zagaye mita 400 a filin wasa na Seyni Kountché a Yamai.

Ƙa'ida: hanya ba ta taɓa gaza tazarar miƙe, saboda haka girman gudu mai alƙibla ba ya wuce matsakaicin gudu. Suna zuwa daidai ne kawai in an miƙe sak ba a juya ba.

Tarkon da ke kama ɗalibai

An tafi da gudun 80, an dawo da 40. Da yawa za su ce matsakaici 60 ne. A'a. Zuwa awa 3 ne, dawowa awa 6, jimilla awa 9. A raba 480 da 9, ya ba da wajen 53. Dalili: an fi daɗewa ana tafiya a hankali.

In an nemi amsa da mita a daƙiƙa, a raba da 3,6: kilomita 60 a awa ya zama wajen mita 16,7.

Iyaye, ku gwada yaranku da hanyar kasuwar garinku. Allah ya ba 'yan jarrabawa sa'a.