Jar giyar Bature a Kaduna

Duk sanda na wuce ta gaban Lugard Hall sai in tuna cewa dokar hana giya a Arewa ta girmi shari'ar 2000 nesa ba kusa ba. A 1917, shekarar da gwamnati ta taso daga Zungeru ta tare a Kaduna, Turawa suka yi dokar da ta hana ɗan ƙasa barasar waje. Su kuwa suka bar wa kansu ƙofa. Jar giyar inabinsu sai ta sauka Legas, jirgin ƙasa ya hauro da ita.

Abin da ke ba ni dariya, ita wannan giyar sai a sanyin wajen digiri 13 take jure ajiyar shekaru. To a zafin Maris na Kaduna fa? Wata kwalbar kafin a buɗe ta ma ta lalace.