Tarihin Zubin Dabbobi da Tagulla a Turai

Shekaru aru-aru, aikin dabba a jikin tagulla shi ne ɗaukaka mai mulki. Dokin da ke ɗauke da Sarki Marcus Aurelius a birnin Rum da damisoshin fadar Oba na Benin duk ƙarfin sarauta suke nunawa. Babu wanda ya damu da abin da dabbar take ji.

Antoine-Louis Barye, ɗan maƙerin zinariya a Faris, shi ya sauya wannan. A wani baje kolin fasaha a 1831 ya fito da damisar Asiya ta danne kada tana cinsa. Faratanta sun nutse a jikinsa, shi kuwa ya murɗe don azaba. Mutane suka yi cirko-cirko, domin ba a saba ganin dabba ita kaɗai a matsayin abin kallo ba. A 1833 ya biyo da zaki ya take maciji, aikin da yanzu yake gidan tarihi na Louvre.

Barye ya san jikin dabba ciki da bai. Yakan wuni a gidan namun daji na Jardin des Plantes, kuma da wani zaki ya mutu a can a 1829, shi da mai zane Delacroix suka garzaya don nazarin gawar. Tagulla ma ta ba shi dama. Ana fara siffar da laka ko kakin zuma, sannan narkakken ƙarfe ya kwashe kowace jijiya da tattarar fata, har ma ƙafa siririya ta iya tsayuwa ba tare da ta karye ba.

Waɗanda suka biyo baya sun karkata ga tausayi. A 1850 Emmanuel Frémiet ya zuba karen farauta ya sunkuyar da kai kan ƙafarsa mai rauni da aka ɗaure da ƙyalle. Rembrandt Bugatti kuwa ya shaƙu da dabbobin gidan namun daji na Antwerp, yana fito da gajiyarsu da kaɗaicinsu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka kashe da yawansu, shi ma ya kashe kansa a 1916 yana ɗan shekara 31.

A 2004 aka buɗe wurin tunawa da dabbobin yaƙi a Landan, aikin David Backhouse. Alfadarai biyu na tagulla ne ke jan ƙafa da kayan soja a gadon bayansu, suna nufar wata kafa a bango, doki da kare kuma sun riga sun ƙetare ta.