Gyaɗa da Angurya: Tarihin Mai Iri Biyu a Ƙasar Dayi

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana abin da ya sa man gyaɗa ya zauna a hannun matan Dayi, alhali man angurya ya tafi ga masana'antu, ko da yake gyaɗa da auduga duk ana noma su a yankin Malumfashi da Funtua.

A ganinmu amsar tana cikin ƙwayar kanta. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, kuma sinadarin da ya fi yawa a cikinsa shi ne oleyik, wanda ba ya saurin lalacewa. Mace kan soya gyaɗa, ta daka, ta murza da ruwan zafi, ta fid da mai, ta toya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Angurya kuwa kimanin kashi ɗaya bisa biyar nata ne mai, ga kuma gubar gosifol, wadda sai an tace man a masana'anta take fita.

Saboda haka da cutar kuturun gyaɗa ta halaka amfanin 1975, angurya ba ta iya maye gurbin gyaɗa a turmin mata ba.