Bahasi a kan Jurewar Aksul na Asali ga Manyan Tayoyi a Fadamun Kafin Hausa

Tsakure

Maƙalar nan ta duƙufa a kan mas'ala guda, wato ko aksul ɗin da mota ta zo da shi daga masana'anta yana iya jure tayar da ta fi wadda aka ƙaddara masa girma. An bi tafarkin hisabi da ƙiyasi, aka ɗora su a kan yanayin ƙasar Kafin Hausa da irin lodin da motocinta ke ɗauka. Natijar da aka samu ita ce ƙarin inci ɗaya ko biyu abu ne mai yiwuwa bisa sharaɗi, amma abin da ya haura wannan, in ya haɗu da lodin da ya wuce haddi, ƙarshensa karyewar sanda.

Muƙaddima

Duk wanda ya san ƙasar Kafin Hausa, daga cikin gari zuwa Bulangu da ƙauyukan da ke bin reshen kogin Haɗeja, ya san cewa Allah Ya haɗa mata ƙasa iri biyu masu saɓanin ɗabi'a: jigayi na rairayi waɗanda ke haɗiye taya da rani, da kuma fadamu na baƙar laka waɗanda ke riƙe ta da damina. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sauya, kacala ta toshe magudanai da dama, ambaliya irin ta 2020 da 2022 kuwa ta yanke hanyoyi a masarautar Haɗeja, har ya zama manomin shinkafa ba shi da abin dogaro wajen fito da amfaninsa sai a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Saboda haka ba abin zargi ba ne idan mai Hilux ko Land Cruiser ya nemi taya mai tsawo domin cikin motarsa ya daina dukan ƙasa. Larura ce ta kai shi, sai dai larurar ba ta canza ƙarfin ƙarfen da ke ƙarƙashin motar ba.

Asalin illar

Ƙa'idar da bahasin ya ginu a kanta sananniya ce ga kowane bakanike, ko da bai taɓa karanta ta a littafi ba, domin a duk lokacin da noti ya ƙi kwancewa yakan zura bututu a ƙotar sifana ya ƙara mata tsawo, sai notin ya saki ko kuwa ya tsinke. Haka taya take ga sandar aksul: gwargwadon nisan da ke tsakanin cibiyarta da ƙasa, gwargwadon murɗar da ƙasa ke iya yi wa sandar. Tayar 7.50R16 da Land Cruiser samfurin 70 ta saba da ita tana da tsayin inci 31 zuwa 32, ta 205R16 da tsofaffin Hilux ke ɗauka kuwa kimanin inci 29. Wanda ya tashi daga 31 zuwa 35 ya ƙara wa sandar murɗa da kusan kashi 13 cikin ɗari, wanda ya tashi daga 29 zuwa 33 kuma kusan kashi 14, alhali abin da ya samu na ɗaguwar tukunyar haƙoran tsakiya daga ƙasa inci biyu ne kacal, tun da rabin ƙarin ne ke ƙasan cibiya.

Da a ce al'amarin ya tsaya nan, da sai mu ce akwai sauƙi, domin masana'anta kan bar rarar ƙarfi a cikin kayansu. Amma iyakar murɗar da sanda ke fuskanta kafin taya ta zame tana rataye ne a kan abubuwa uku da ake ninka su da juna: tsayin taya, da riƙon da ta yi wa ƙasa, da nauyin da ke danne ta. A nan ne hukuncin Kafin Hausa ya bambanta da na Amurka, inda ake yawan muhawara a kan wannan mas'ala, domin su can galibi masu hawan duwatsu ne don nishaɗi da mota kusan fayau, mu kuwa namu neman abinci suke yi. An ƙera Hilux don ɗaukar kimanin tan guda, wato buhu goma in an ƙaddara kowane buhu a kilo 100, kuma kowa ya ga yadda ake jibga mata fiye da haka ranar kasuwa, ga fasinja a bisa kayan. Idan nauyin da ke kan ƙafafun baya ya ƙaru da rabi, aka kuma ƙara kashi 13 na taya, hisabi yana ba da ƙarin kusan kashi 70 cikin ɗari. A ra'ayina wannan adadi shi ya kamata mai mota ya riƙe, fiye da lambar da ke rubuce a jikin taya.

Yadda karyewar ke aukuwa

Ba kasafai sanda ke karyewa a tafiyar lumana ba. Mota ce za ta kafe a taɓo, direba ya sa giyar agzilari ya taka totur, taya ta dinga juyawa a banza tana watsa laka, yaran mota su cusa mata itace ko duwatsu, sai farat ɗaya ta kama. A wannan ƙiftawar ido duk gudun da taya mai nauyi ta tara yana komawa kan sandar. Idan aka zaro irin wannan sanda aka goge giris, za a ga haƙoran bakinta sun karkace gefe guda, wurin karayar kuma ya bi a karkace, sau da yawa da wani sashe mai santsi wanda ke shaida cewa tsagar ta daɗe tana ci a ɓoye kafin ranar da ta ƙarasa. Tsofaffin direbobin Land Rover sun san wannan ciwo a sandunanta masu haƙora 10, waɗanda daga baya kamfanin ya maye gurbinsu da masu 24.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin aksul iri biyu. A bayan Hilux sanda ɗaya ce ke juya taya kuma take ɗauke da nauyi ta kan boris guda, saboda haka taya mai faɗi da aka turo waje tana lanƙwasa ta a kowane juyi, boris ya ci, mai ya fara tsiyaya kan birki, in kuwa ta karye daga bakin waje taya na iya rabuwa da motar. A-kori-kurar Land Cruiser samfurin 79 kuwa kwanson aksul ne ke ɗauke da nauyi, sanda juyawa kawai take yi, ga tukunyar haƙoranta inci 9.5 a maimakon inci 8 na tsofaffin Hilux. Tun da ƙarfin sanda ga murɗa yana bin kaurinta ninke da kansa sau uku, ƙarin kashi 10 na kauri yana ba da kusan sulusi na ƙarfi. Don haka ƙiyasta Hilux a kan Land Cruiser ƙiyasi ne tare da bambanci, bai inganta ba.

Gaban mota ma yana da nasa rauni, wato gaɓar da ke barin taya ta juya alhali sitiyari na karye, wadda ta fi fashewa idan an karya kan mota gaba ɗaya ana tayar da ita da ƙarfi. Akwai kuma illar tayoyin gwanjo da ake haɗa mabambanta gaba da baya: da zarar an kulle ƙafa huɗu, sai aksul biyu su shiga jayayya, musamman a kan ƙasa mai tauri.

Tafsilin hukunci

Abin da hujjojin nan suka nuna shi ne ƙarin da bai wuce inci biyu ba, da taya doguwa siririya, aksul na asali zai jure shi matuƙar lodi ya tsaya a haddinsa. Siririyar ta fi dacewa da lakar fadama, domin tana yanka ta isa ƙasa mai tauri, kuma ba ta turo nauyi waje. A rairayin jigayi kuwa rage iskar taya da kimanin sulusi yana shimfiɗa tafinta ya ba da mafi yawan fa'idar da ake nema, da sharaɗin a mayar da iskar kafin a hau kwalta, don kada zafi ya fasa ta.

Wanda larura ta tilasta masa tashi daga inci 31 zuwa 35 kuwa, to ya sani birkinsa ya yi rauni, allon gudu zai nuna masa 80 alhali yana kan 90, kuma kulocinsa zai riƙa ƙonewa wajen tashi da kaya. Maganin wannan na ƙarshe shi ne sauya haƙoran tukunya daga 4.10 zuwa 4.56, gaba da baya tare, ko da sai an je Ƙofar Ruwa a Kano neman su. Sai dai ƙaramar giyar 4.56 haƙoranta tara ne a maimakon goma, ita ma ta ɗan rage ƙarfi, kuma sauyin bai ƙara wa sanda kauri ba. Sandar da ta riga ta karye kuwa ban ga halaccin mayar da ita da walda a motar da ke ɗaukar bayin Allah ba, domin zafin walda yana ɓata taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, kuma daga gefen ɗinkin take sake tsinkewa.