Tarihin Husufin Wata Daga Zamanin Ganga Zuwa Zamanin Kyamara

A wannan fitowa ina so mu ɗan waiwayi tarihin husufin wata, wato abin da a gida muke cewa wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata. Dalili kuwa shi ne yanzu kowane yaro da waya a hannu, da wata ya kamu sai ka ga an hau benaye ana ɗaukar hoto, amma ka tambayi mai ɗaukar me ke faruwa, sai ya yi maka zuru.

Mu fara da abin da muka koya a Islamiyya. A shekara ta 10 bayan Hijira rana ta yi husufi a Madina, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu. Mutane suka ce ai saboda rasuwar ne. Annabi ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kamuwa don mutuwar wani ko rayuwarsa, abin yi shi ne salla da addu'a da sadaka. A mazhabar Malikiyya, sallar husufin wata kowa a gidansa yake yin ta, raka'a biyu-biyu kamar nafila.

Magabata ba su tsaya nan ba, har ilmi suka ciro daga ciki. A shekarar 997 Albiruni yana garin Kas a ƙasar Huwarizim, Abul Wafa yana Bagadaza, suka yi alkawari kowa ya duba husufi guda ya rubuta lokacinsa. Da suka gwama lissafi sai suka gane tazarar lokaci tsakanin garuruwan biyu. Tun kafin su ma mutanen Babila sun gano cewa husufi na maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11. Bayaninsa ba wuya: duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, shi ya sa ba ya kamuwa sai a tsakiyar wata, lokacin da ya cika. Jan da yake yi kuma, ɗan hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ta kewaye duniya ya faɗa masa.

Wanda ya sani kuwa yakan ci kasuwar wanda bai sani ba. A 1504 Kolumbus yana tsibirin Jamaika da jiragensa a lalace, mutanen wurin suka gaji da ba shi abinci. Ya duba littafin lissafin taurari ya ga wata zai kamu ran 29 ga Fabrairu, sai ya ce musu Ubangijinsa ya yi fushi da su, zai ɗauke musu wata. Da wata ya yi ja, sai ga su da kayan abinci niƙi-niƙi suna neman gafara. Kun ji ribar jahilci, wani ne ke kwashe ta.

A nan ƙasar ma akwai labari rubutacce. Ran 2 ga Satumba 1830 Turawan nan biyu 'yan uwan juna, Richard da John Lander, suna garin Busa a bakin Kwara aka yi husufi. Sun rubuta yadda gari ya ruɗe da ganguna da ƙahonni da kururuwa, ana cewa rana ce ta kama wata tana jan sa, ana so a tsorata ta ta sake shi. Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin ruwan Kainji, amma al'adar ta daɗe bayanta, don mu ma muna yara mun buga gwangwani da faifan kwano muna zaga gari.

To, hoto fa? A 1840 wani malami a birnin Niyok na Amurka, John Draper, ya ɗauki hoton wata a kan farantin ƙarfe, sai da ya bar idon na'urarsa a buɗe wajen minti 20. A 1851 aka samu hoton farko na cikakken husufin rana a Konisbag ta ƙasar Jamus ta wancan lokaci. Har zamanin fim aikin bai yi sauƙi ba. Mai hoto yana da ɗauka 36 kacal, ba zai san abin da ya samu ba sai an wanke, sau da yawa baƙi ƙirin za a miƙo masa.

Wahalar ita ce idan wata ya kamu haskensa na raguwa ninki dubbai, alhali fitilun birni na nan da ƙarfinsu. Ka biye wa wata, benaye su yi fari fat. Ka biye wa benaye, wata ya ɓace. Don haka masu sana'ar sukan kafa kyamara a kan ƙafa uku kada ta motsa, su tsaya nesa ta yammacin ginin da suke so, kamar Cocoa House na nan Ibadan, su jira wata ya ɓullo ta gabas kusa da shi. Ba a barin idon kyamara a buɗe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, don wata tafiya yake yi. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, kakarsu ta yanke saƙa. Da yawa sun gwada ran 27 ga Yuli 2018, lokacin da wata ya yi awa 1 da minti 43 a rufe ruf, mafi tsawo a wannan ƙarni.

Abin da ya sa na damu da wannan tarihi shi ne abin da ya faru a Maiduguri ran 9 ga Janairu 2001. Wata ya kamu, wasu matasa suka ce zunubin mutane ne ya jawo, suka bi otal-otal da mashaya suna cinna wuta. Mu da ke zaune a Kurmi mun san inda irin wannan wuta kan ƙare. In an taɓa baƙo a Arewa, rumfar mai goro da zangon mai shanu a Kudu su ke kwana da fargaba, kamar yadda aka gani a Anaca a 2006. Kuma yau hoto ɗaya da ƙaryar da aka liƙa masa ya fi ganga saurin tara jama'a.

Masu lissafi sun ce in Allah Ya kai mu, wata zai sake kamuwa gaba ɗaya ran 26 ga Yuni 2029 kafin asuba. Ina roƙon limamanmu da malaman Islamiyya su riƙa sanar da jama'a tun kafin ranar. Mai salla ya yi sallarsa, mai hoto ya ɗauki hotonsa, in an tambaye shi ya iya bayani. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.