Kalma Ɗaya, Tafarki Biyu: Labarin Sifar "Spisovný"

A harsunan Cek da Silobak, maƙwabtan juna a tsakiyar Turai, akwai wata sifa da ya kamata mu marubuta mu san labarinta, wato "spisovný". Tushenta "spis", ma'ana rubutaccen abu, kuma daga wannan tushe sunan marubuci, "spisovatel", ya fito. Idan ta sifanta sunan mace sai ta koma "spisovná". Saboda haka "spisovná čeština" na nufin harshen Cek na rubutu, irin matsayin da daidaitacciyar Hausa take da shi a wurinmu.

To, wace magana ce ta cancanci wannan sifa? A nan al'ummun biyu suka raba hanya.

Bayan yaƙin Farin Dutse na 1620, Jamusanci ya mamaye ofisoshi da gidajen manya a ƙasar Cek. Da aka tashi farfaɗo da harshen, Josef Dobrovský, a nahawunsa na 1809, ya ɗauki harshen littattafan ƙarni na 16 a matsayin ma'auni, musamman fassarar Baibul ta Kralice (1579 zuwa 1593). Harshe ya sami martaba, amma bakin jama'a ya riga ya yi gaba. Shi ya sa mutumin birnin Firag yake rubuta "dobrý", wato mai kyau, amma a hira ya ce "dobrej".

Su kuwa Silobak, da yawansu da tsohon harshen Cek suke rubutu. A 1787 Anton Bernolák ya gwada daidaita karin yammacin ƙasar, amma ba kowa ne ya karɓe shi ba. A 1843 Ľudovít Štúr da abokansa suka zaɓi karin tsakiyar ƙasar, wanda talakawa ke magana da shi. Mawaƙi Ján Kollár, shi ma Basilobake, ya yi adawa da su a 1846, yana ganin za a raba 'yan'uwa. Duk da haka zaɓin Štúr, bayan gyaran da aka yi masa a 1852, shi ya zama harshen ƙasar Silobakiya.

Darasin da ke nan a gare mu shi ne, daidaitaccen harshe ba daga sama yake faɗowa ba, marubuta ne ke zaɓensa, kuma kowane zaɓi da abin da yake ci. Mai riƙe tsohon littafi kaɗai zai nisanci bakin jama'a, mai bin bakin jama'a kuwa sai ya shirya wa ƙorafin dattawa. Kafin mu ce wa kalmar ɗan'uwa "ba daidai ba ce", mu fara tambayar wanda ya kafa ma'aunin, da kuma dalilinsa.